Turmin Kaka da 'Ya'yan Maƙwaƙƙwafi

Duk wanda ya zo gidanmu ya ga akwatunan da nake ratayawa a jikin bishiyoyi, abin da yake fara tambayata shi ne me ya sa nake ɓata katako. Don in ka ɗaga murfin ka leƙa, za ka ga na tsattsaga bangon ciki da zarto, layi bisa layi, tun daga ƙasa har bakin ƙofa. Akwai wani abokina kafinta da ya ce don Allah in daina gaya wa mutane a shagonsa nake sayen katako, wai ina zubar masa da mutunci. To ni dai ban yi makarantar tsuntsaye ba. A bakin wutar kakata na fara koyon abin nan, kuma wallahi ba da daɗi na koya ba.

Gidanmu yana can ƙarshen Azare, ta hanyar Chinade. Lokacin da nake yaro, in ka fita ta ƙofar baya sai gonaki. Kaka, mahaifiyar Babanmu, daga wajen Yobe aka kawo ta tun tana amarya, kuma ta zo da sana'arta: zanen ƙwarya da wuta. Tana da wasu ƙarafuna masu ƙotar itace, wani mai tsini, wani mai faɗin baki kamar ƙaramar wuƙa. Sai ta jera su a cikin garwashi, in ɗaya ya yi ja ta zaro, ta ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi, ta mayar ta zaro wani. Ba ta aikin da rana. Ta ce da rana ƙarfe yana yi wa mutum ƙarya, ba ka ganin jansa. Saboda haka sai an idar da sallar isha take hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kuma mu taru.

Ni ne mai fifita wuta. Yayata Hauwa ita ke miƙo ƙore. Ladanmu tatsuniya. Kuma Kaka tana da nata salon buɗewa, ba irin na kowa ba. Za ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya." Mu ce, "Ta zauna mu cire mata." In ta gama kuwa, sai ta tsoma ƙarfe a ruwa ya yi cuu, ta ce, "Na kashe ta, ku tashi." Har yau in na ji warin ƙwarya ta ƙone sai in ji kamar za a fara ba ni labari.

Ni mijinta ne, kun san wasan kaka da jika. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai in na yi laifi. "Maigida, wutarka ta mutu." "Maigida, haka za ka riƙe ni da wannan siririn hannun?" Ni kuma in ce na sake ta, ta ce ai ba ta karɓi takardar ba.

A bayan katangarmu akwai wani tsohon gawo da ya bushe. A jikinsa maƙwaƙƙwafi yake zama, tsuntsun nan mai launin toka da ja a ka, wanda yake maƙale wa itace yana sara da baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar masassaƙi. Ni fa tun ina ƙarami tsuntsun nan ya shiga raina. Sauran yara suna harbin tsuntsu da danƙo, ni sai in kwanta a kan katanga in yi ta kallonsa har wuyana ya ƙage.

Ina aji biyar a firamare mai filin ya sayar, sabon mai shi zai yi gini. Na dawo daga makaranta na tarar gawon a ƙasa, masu faskare sun hau shi. Iyayen tsuntsun suna ta kewaya wurin suna kuka, su sauka a kan katanga, su tashi, su dawo. Na roƙi mutanen su tsaya. Ɗaya ya yi dariya, amma ya nuna mini reshen da ya tsage. A cikin ramin akwai 'ya'ya uku, jajaye, gashi bai gama fito musu ba, bakinsu a buɗe. Na kwashe su a hulata na ruga gida.

Babanmu ya ce in mayar da su inda na ɗauko. Na ce inda na ɗauko ai an faskare shi. Yaya Hauwa ta ce in ba mage ta huta da yunwa. Na kawo kwali, Kaka ta ce wannan ba ɗan kaza ba ne, a cikin itace aka haife shi, rami mai zurfi yake so, in ba haka ba iyayen ba za su shiga ba. Na duba gidan nan kaf, babu wani itace mai rami sai abu ɗaya.

Kaka tana da wani ƙaramin turmi na itacen kirya, na dakan yaji da daddawa. Na mahaifiyarta ne, da shi aka kawo ta. Zurfinsa ya kai daga yatsuna zuwa gwiwar hannun babba. A bakinsa akwai ɓalli, inda ya faɗo daga mota ranar da aka kawo ta, ƙwan kaza zai iya wucewa ta wurin. Cikinsa kuwa, kai. Shekara da shekaru taɓarya tana sauka, ya yi baƙi, ya yi sumul, in ka shafa kamar cikin tangaran. Ba ta ba da aronsa. Ko Innarmu sai ta tambaya kafin ta taɓa.

Na tsaya a gabanta da hula a hannu, ina kallon turmin. Ta kalle ni, ta kalli abin da ke cikin hular.

"Habu," ta ce. Da na ji sunana na san maganar ba wasa. "Aro na ba ka. Yadda ka ɗauka haka za ka dawo mini da shi."

Na yi rantsuwa. Na zuba ƙaiƙayi kaɗan a ƙasan, na kwantar da su, na rufe bakin da guntun katako na ɗaure da robar taya, ɓallin nan ya zama ƙofa. Babanmu, duk da faɗansa, shi ya riƙe mini tsani na ɗaure turmin a tsakanin rassan darbejiyarmu, daf da katanga, kusa da inda gawon yake. Muka koma gefe. 'Ya'yan suna ta kuka a ciki. Can sai uban ya sauka a jikin turmin, ya zagaya, ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa, ya shige. Ni kam har rawa na yi a tsakar gida.

Daga nan komai ya tafi daidai na ɗan lokaci. Iyayen suna shiga da tsutsa suna fita. Kullum da safe kafin makaranta in hau in ɗaga murfi kaɗan in gani. Gashi ya rufe su, jela ta fito, suka fara kama da iyayensu.

Sai iyayen suka canza. Suka daina shiga ciki. Uwar za ta zo da tsutsa a baki, ta maƙale a bakin ƙofa, ta leƙa, ta yi kira, ta jira. Ba wanda ya leƙo. Ta tashi ta koma reshe, ta yi kira, ta dawo. Wani lokaci ta gaji ta haɗiye abinta. Yanzu na san haka suke yi: in 'ya'ya sun girma, sai iyaye su tsaya a ƙofa, wanda ya hauro shi zai ci, da haka ƙafarsu take ƙwari har su fita. A lokacin ban sani ba. Abin da na sani shi ne kukan da ke fitowa daga turmin ya canza, ba ya tsayawa, tun safe har magariba.

Na hau na ɗaga murfi. Abin da na gani har yau yana idona. Babban cikinsu ya yi tsalle, ya kafa farata a bango, ya dogara da jela yadda ubansa yake yi, sai kawai ya sulale, ƙarrr, ya faɗo kan 'yan uwansa. Ya tashi ya sake. Ya sake sulalewa. Babu inda farce zai kama. Duk dakan da kakata da uwarta suka yi, shi ne ya hana su fita.

Babu abin da ban gwada ba. Na jingina kara a ciki, da sun taka sai ya mirgine. Na rataya tsumma, ƙafar ɗaya ta sarƙe a zaren, na tarar da shi yana reto kai a ƙasa. Na cika turmin da ƙaiƙayi don su matso kusa da ƙofa, kafin la'asar magen maƙwabta ta hau ta zura hannu, Allah ya sa Yaya Hauwa ta gani ta jefe ta da takalmi. Na kwashe ƙaiƙayin. Na fito da babban na ɗora shi a jikin reshe, ƙafarsa ba ta saba kama komai ba, ya faɗo ƙasa kaji suka yo kansa. Na tono gara a jikin katanga ina tura musu a baki, suna tofarwa, rabi ya shiga rabi ya zube. Iyayen sukan shiga jefi-jefi, amma abincin ba ya isa. Na daina gane abin da malami yake faɗa a aji. Kunnena yana gida.

Ranar da ƙaramin ya mutu, Asabar ce. Na ɗaga murfi da safe na gan shi a kwance a gefe, sauran biyun suna tattaka shi suna tsalle. Na binne shi a gindin katanga. Sannan na samo ƙusa, na hau, na zura hannu zan karce bangon. Na san na yi rantsuwa, amma na danna da duk ƙarfina. Ƙusar ta zame kamar a kan kwalba, ko alama ba ta bari ba. Kirya ce, ta sha man daddawa shekaru.

Na sauko na sami Kaka tana tsince wake. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba.

"Kaka, ki bari a kai wa masassaƙi ya sassara cikinsa. Kaɗan kawai. Gefe ɗaya."

Ba ta ɗago ba. "Me na ce maka ranar da ka ɗauka?"

"Ɗaya ya mutu."

"Allah ya yi kwanansa ya ƙare."

"Sauran ma mutuwa za su yi. Ba sa iya hawa. Zan saya miki wani in na girma, wanda ya fi shi."

"A wace kasuwa ake sayar da hannun uwata?" Ta watsar da tsakuwa. "Ko hotonta ba ni da shi, Habu. Wannan santsin da kake zagi, ita ta fara shi. In aka tsaga cikin turmi ya tashi daga turmi. Tsuntsu kuwa baɗi ma za a haifi wani."

Na tashi na bar wurin. Yinin nan ban ci komai ba. Na zauna a gindin darbejiya ina jin kukan yana raguwa. Da can kamar ana niƙa, yanzu sai a yi shiru a ɗan yi, a yi shiru a ɗan yi. Uwar ta zo da tsutsa, ta tsaya a ƙofa, ta tafi. Na yi addu'a duk wadda na iya. Har tunani na yi in saci gatarin Baba in fasa turmin kowa ya huta, in ya so a yi mini dukan da za a yi.

Bayan isha Kaka ta hura wutarta kamar kullum. Na ƙi zuwa. Yaya Hauwa ce ta ɗauki mafici.

"Maigida ya yi yaji," in ji Kaka, da ƙarfi don in ji. "Ban taɓa ganin gidan da miji ke yaji ba sai nawa."

Ban kula ta ba. Daga inda take zaune ana jin turmin, don darbejiyar ba nisa. Ta ja layi biyu a ƙwarya, ta tsaya. Ta sake ja, ya karkace, ta yi tsaki. Ban taɓa ganin layinta ya karkace ba. Ta ajiye ƙwaryar a cinya.

Can ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya."

Yaya Hauwa ta amsa. Ni ban amsa ba, amma na matso bakin tabarma, na juya mata baya.

Tatsuniyar ba mu taɓa jin ta ba. Wai an yi wata maginiyar tukwane a wani gari da kura ta addaba, kullum sai ta ɗauke ɗan wani. Matar tana da 'ya'ya, ta ce ita kam nata ba za a ci ba. Sai ta gina wata randa ƙatuwa, ta fi ɗaki tsawo, ta matse bakinta yadda kan kura ba zai shiga ba. Ta ɗauki dutsen guga ta goge ta waje har tana ƙyalli, don kar faratan kura su kama. Da ta ga aikin ya yi kyau, sai ta ce ai 'ya'yana ma kar bango ya kuje musu jiki, ta goge cikin ma, ta fi goge shi a kan waje. Ta gasa randar har ta yi ƙarfi kamar dutse. Ta zura 'ya'yan a ciki, kullum ta hau tsani ta sauke musu tuwo. Kura ta zo ta yi tsalle ta zame, ta yi tsalle ta zame, ta haƙura. Mutanen gari suna zuwa kallon randa, suna cewa ba a taɓa gina irinta ba.

"Tana jin daɗi," in ji Kaka. "Wa zai ƙi a yabi hannunsa?"

Sai damina ta zo da ruwan da ba a taɓa gani ba. Ruwa yana zuba ta bakin randa. Matar ta hau tsani ta ce ku fito. A nan Kaka ta yi waƙar, da wata murya can ƙasa:

"Ku hau, ku hau, 'ya'yana,
ruwa ya kai ƙugu."
"Inna, bango santsi,
hannu ba ya kamu."

"Ba ta da igiya ne?" in ji Yaya Hauwa.

"Sun girma, ta tsufa. Ke yanzu in na zura miki igiya, ni zan jawo ki ko ke za ki jawo ni? Yi mini shiru."

Matar ta ɗauko taɓarya ta doki randa, taɓarya ta karye. Ta ɗauko dutse, dutse ya marmashe. Ta so ta shiga, bakin da ta matse wa kura ya hana ta. Ruwa ya kai ƙirji. Ruwa ya kai wuya. Sai ta ɗaga hannu ta ce, Allah, ban roƙe ka ka tsayar da ruwa ba, ka mayar da ni ƙarama in shiga in ɓata abin da na gyara. Nan take ta zama tsuntsuwa mai baki kamar kurfin masassaƙi. Ta shiga randar, ta maƙale a bango, ta yi ta sara, ta yi ta sara, gurbi bisa gurbi, tun daga bakin ruwa har sama, har kanta ya fashe jini ya rine shi. Shi ya sa har yau maƙwaƙƙwafi yake da ja a ka, kuma duk ramin da ya sassaƙa ba ya goge cikinsa.

Nan Kaka ta tsaya. Ban san lokacin da na juyo ba.

"Sun fita?" na ce.

Ba ta tsoma ƙarfe a ruwa ba, ba ta ce ta kashe ta ba. Ta ɗauki ƙarafunan nan duka ta tura su can tsakiyar garwashi, ta karɓe mafici daga hannun Yaya Hauwa ta miƙo mini.

"A'a, bari. Fara sauko mini da turmina."

Na hau tsani, Yaya Hauwa tana haska mini da tocila. Na sa biyun a hula na cusa a cikin rigata. Ba su da nauyi ko kaɗan, ina jin ƙashin ƙirjinsu. Kaka ta zubar da ƙaiƙayin, ta goge cikin da tsumma, ta kwantar da turmin a tsakanin gwiwoyinta. Ta zura hannu ta shafa cikin, a hankali, ta zagaya, ta sake zagayawa. Sannan ta ce bismillahi, ta zaro mai faɗin bakin, ya yi ja wur, ta danna.

Ƙusa ta kasa, amma wuta ta ci. Hayaƙi ya turnuƙe, warin yaji da daddawa na shekaru ya tashi, muka hau tari. Ta ja layi na farko can ƙasa, ta mayar da ƙarfe, ta zaro wani, ta ja na biyu a samansa, tazarar faɗin yatsa. Kirya ba ƙwarya ba ce, kowane layi sai ta bi shi sau da yawa kafin ya yi zurfi. Ƙotar gajeriya ce, hannunta yana cikin hayaƙin, na ga ƙarfen ya taɓa mata bayan hannu, ta ja numfashi ta ci gaba. Hawaye yana zubo mata. Yaya Hauwa ta ce, "Kaka, kuka kike?" Ta ce, "Yaji ne, sakarya. Haska nan."

Tarinmu ya fito da Baba daga ɗaki. Ya tsaya yana kallo.

"Iya, turmin ne?"

"Koma ka kwanta. Ni da mijina ne."

Ina fifita wuta da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da rigata. Ta yi ta hawa da layukan har ta kai bakin ɓallin. Da ta gama ta goge toka da jiƙaƙƙen tsumma, ta sa farcenta ta gwada, ya kama. Muka bar shi ya huce, na zuba sabon ƙaiƙayi, na mayar da su, na ɗaure a inda yake.

Da safe ban je ko'ina ba. Tsorona kar warin ƙuna ya kori iyayen. Rana ta fito, ba su zo ba. Hantsi ya yi, ba su zo ba. Cikin turmin shiru. Na ce shi ke nan, an ɓata turmi a banza, kuma ni na jawo. Kaka tana zaune a ƙofar ɗaki ta shafa wa hannunta man kaɗe, wai ba ta kallon bishiyar, amma waken da take tsincewa tun ɗazu bai ragu ba.

Sai uban ya sauka a kan katanga. Ya daɗe a nan. Ya koma reshe, ya gangaro da baya-baya, ya maƙale a bakin ƙofa, ya yi kira. Na ji motsi a ciki. Ƙar, ƙar, ƙar, sannan tim, ya faɗi. Na rufe ido. Ƙar, ƙar, ƙar, ƙar. Da na buɗe, ga ɗan kai ya leƙo ta ɓallin, baki a buɗe, uban yana tura masa tsutsa.

Na juyo zan gaya wa Kaka, na tarar ta riga ta miƙe tsaye, wake ya zube a ƙasa kaji suna ci.

Na biyun ya fi wahala, don ya fi galabaita, sai da yamma ya iya kaiwa ƙofa. Amma ya kai. Bayan 'yan kwanaki babban ya fita, washegari ƙanensa ya bi shi, na gan su a jikin darbejiya suna sara ɓawo kamar wasu manya. Na sake tambayar Kaka ko 'ya'yan maginiyar sun fita. Ta ce, "Kai da ka gani da idonka, me kake tambayata?"

Turmin bai ƙara daka ba. Ta gwada sau ɗaya, yajin ya maƙale a tsagar, ya fito da ɗacin ƙuna. Matar da ba ta ba da aro, ita ce ta koma aika Yaya Hauwa maƙwabta aron turmi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa.

Yanzu gawo ya yi wuya a wajenmu, duk busasshen itace masu gidan burodi sun kwashe, shi ya sa nake yin akwatunan nan. A waya na ga yadda ake haɗawa, sauran kuma gwaji ne. In za ka yi, don Allah ka ji ni: katako mai kauri, wanda ba a goge ba. Kar samfefa, takardar goge katako, ta taɓa cikinsa, kar fenti ya shiga. Ka yi shi da zurfi saboda mage, ka zuba garin katako a ƙasa. Sannan bangon da ƙofa take, ka bi shi da zarto ta ciki, tsaga bisa tsaga, kusa da kusa, har bakin rami. Ka sa farcenka ka gwada. In naka bai kama ba, nasu ma ba zai kama ba. A wajen aikin nan ne ma na gano irin namu na nan namijin ne mai jan kai, macen ba ta da shi. Na je na gaya wa Kaka tatsuniyarta ta yi kuskure. Ta ce, "Mijin ne ya karɓe mata ɗankwali, halinku ne ai."

Na daɗe ina ɗauka don ni ta yi tatsuniyar nan. Yaya Hauwa ce, bayan ta yi aure, ta ce mini, "Kai ba ka gane ba? A wurin ta ƙirƙire ta. Kai ai ka riga ka yarda a tsaga turmin tun safe. Kanta take ba labari." Na tambayi tsofaffi da yawa, har a garin Bulkachuwa, ban sami wanda ya san ta ba.

Shekarar da ƙafa ta fara ba Kaka wahala, Baffanmu da ke aiki a Bauchi ya zo ya gyara mata ɗaki. Ya sa tayil fari tas tun daga gado har bakin ƙofa, aka shafe bango da fenti mai ƙyalli. Kowa ya shigo sai ya sa masa albarka, kuma ya cancanta, don ƙauna ce ta sa shi. Sati bai cika ba sai Kaka ta zame da ruwan alwala. Ba ta karye ba, amma daga ranar ta daina fitowa. A kawo mata abinci ciki, a kawo mata buta ciki. In an ce ta fito ta sha iska sai ta ce ba ta jin daɗi. Wata rana na leƙa na gan ta ta dafa bango za ta tashi, hannun ya sulale, ta koma ta zauna, ta kalli ƙofa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kawo doguwar sandar darbejiya da ɓawonta, na kafa ta a bango daga gado har ƙofa. Na samo katako mai kaushi, na bi shi da zarto, na shimfiɗa a kan tayil ɗin nan mai tsada na buga. Baffa ya yi fushi da ya gani, har ya ce na mayar da ɗakin uwarsa akurki.

Kaka tana zaune tana kallona har na gama. Ta miƙa hannun nan mai tabon ƙuna ta kama sandar. Ta sa ƙafa ta gwada katakon. Ta miƙe.

"Maigida," ta ce, "ni ce ɗan tsuntsun yanzu?"

Na ce, "Ki hauro dai, tuwo yana waje."

Ta zage ni, ta zagi wanda zai ba ni 'yarsa. Sannan ta taka, ta sake takawa, tana riƙe da sandar, har ta leƙo da kai tsakar gida.